Yadda Ake Karanta Lambobin Matsala da Gano Yoyon Iska a Tsohuwar Mota Mai Turbo

In fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama a dashbod, yawanci ɗayan biyu ake yi. Ko dai a cire kan batir ta mutu a ci gaba da tafiya, ko a jona sikana a karanto lamba, a ce "ai sensa ce", a sayo sabuwa. Kwana uku fitila ta dawo. Na taɓa faɗawa na biyun. Wata tsohuwar mota mai injin lita 1.8 da turbo ta ba ni lambar P0171, wadda ke nuna mai ya kasa iska, na canza sensar salansa, na canza fulogi, har na fara yi wa famfon mai kallon tuhuma. Ashe wani ɗan tiyo ne da bai fi kaurin fensir ba ya tsage a ƙarƙashin manifol, ta gefen da ido ba ya kaiwa. Sensar da na cire lafiyarta ƙalau, gaskiya ta faɗa mini na huce a kanta, kamar zomon da ya bar makashinsa ya yi fushi da maratayinsa.

Lambar da sikana ke nunawa ƙorafi ne da ƙwaƙwalwar mota ta rubuta. Tana faɗin abin da ta gani, amma ba ta san wanda ya jawo shi ba. Nemo mai laifin aikinka ne. Bayanin nan na motar fetur ne, domin injin dizal ba ya da irin wannan zuƙo a manifol, lissafinsa daban ne.

Fara sanin hanyar da iska ke bi

Kafin ka taɓa sifana, ka buɗe bonet ka bi hanyar iska da yatsa. Daga matatar iska tana ratsa sensar da ke auna yawanta, wadda ake kira MAF, ta shiga bakin turbo. Turbo ya matse ta, ya tura ta cikin intakula ta huce, ta iso totur, ta shiga manifol, sannan ta rarrabu cikin silinda. Ƙwaƙwalwar mota tana zuba mai daidai da iskar da MAF ta ƙirga, tana neman kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur bisa nauyi. Sensar oksijin da ke jikin salansa kuma ita ce ke ba ta rahoton ko haɗin ya yi daidai.

Wannan hanya ta kasu yanki uku, kuma huji a kowane yanki halinsa daban. A nan ne mota mai turbo ke ruɗa wanda ya saba da mota maras turbo.

Yanki na farko daga MAF zuwa bakin turbo. Nan kullum zuƙo ake yi. In akwai tsaga, iskar da ba a ƙirga ba za ta shigo ta bayan fage, mai ya kasa, inji ya shiga yunwar mai. Yanki na biyu daga turbo zuwa totur, ta cikin intakula. Nan in ka taka wuta matsi ne ke cika bututun. In akwai huji, iskar da aka riga aka ƙirga aka ware mata mai ce ke tserewa waje, sai mai ya yi yawa, mota ta yi nauyi, wani lokaci har da baƙin hayaƙi. Yanki na uku manifol da duk ƙananan tiyon da ke manne da shi, kuma shi ne mai fuska biyu: a silo zuƙo ne mai ƙarfi, huji yana jawo iska ciki, amma da turbo ya ɗauka sai wurin ya koma matsi, hujin nan dai ya koma fitar da iska. Huji ɗaya ke nan zai iya sa mota yunwar mai a tsaye, ya sa ta shaƙe da mai a hawan tudu.

Wasu motocin ba su da MAF sam, da sensar matsin manifol kawai suke aiki, wato MAP. A irin waɗannan, yoyon manifol ba ya cika jawo yunwar mai, tunda sensar tana jin iskar da ta shigo. Abin da za ka gani shi ne silo ya hau sama. Ka tabbatar wace iri ce taka.

Kayan da za ka tanada

Sikana mai nuna bayanan inji yayin da yake aiki, ba mai karanta lamba kaɗai ba. Ƙaramin ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, tare da manhaja irin Torque, ya isa yawancin aikin. Sai tocila, ƙaramin madubi mai hannu, filaya, kwalbar feshi da ruwan sabulu, gutsuren tiyo kamar mita ɗaya, da takarda da biro. In ka samu gejin zuƙo da ƙaramin famfon zuƙo na hannu, aikin zai yi sauƙi ƙwarai. Injin hayaƙi da kwamfiresa mai rigileta sai an zo ƙarshe, kuma ana iya aro.

Mataki na farko: karanta, rubuta, kada ka goge

Soket ɗin sikana mai ƙafa 16 ne, galibi yana ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba. Tsarin OBD-II ya zama dole a motocin Amurka daga 1996, a Turai kuma motocin fetur daga 2001. Motar da ta girmi haka tana iya buƙatar na'urar kamfaninta, wasu ma da ƙyaftawar fitila suke faɗin lambarsu.

Ka buɗe makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka jona, ka karanto duk lambobin, har da waɗanda ke jiran tabbaci, waɗanda ƙwaƙwalwa ta gani sau ɗaya ba ta kai ga kunna fitila a kansu ba. Sannan ka nemi shafin da ke adana yanayin inji a daidai lokacin da lambar ta faɗo: juyin inji nawa ne, gudun mota nawa, zafin ruwa nawa, nauyin da ke kan inji nawa. Wannan shafi shi ne shaidar gani da ido, kuma da ka danna gogewa ya tafi. P0171 da ta faɗo a juyi 800 mota na tsaye labarinta daban da P0171 da ta faɗo a juyi 3500 ana tsala gudu. Ta farko tana nuna yoyon zuƙo, ta biyu ta fi karkata ga ƙarancin mai ko MAF da ta yi datti. Ka ɗauki hoton allon ko ka kwafe a takarda.

In fitilar ƙyaftawa take yi, ba a tsaye take ba, inji yana misin mai tsanani, ɗanyen mai na zuba cikin katalis yana gasa shi. Wannan ba motar da za a ce bari a lallaɓa a kai gida da gudu ba ce.

Ka kuma auna batir. Mai lafiya yana ba da wajen bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. Batir mai rauni yana sa tsohuwar mota ta zubo lambobi barkatai waɗanda ba su da tushe.

Mataki na biyu: jera lambobin, ka nemo uwarsu

Harafin P na nufin inji da giya. In sifiri ko 2 ya biyo shi, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, ta kamfani ce, P1 ɗin Volvo ba ita ce ta Subaru ba, dole ka duba littafin motarka.

Waɗanda suka fi zuwa da yoyon iska: P0171 yunwar mai a layin silinda na ɗaya, P0174 a layi na biyu in injin mai layi biyu ne, P2187 yunwar mai a silo, P2279 yoyo a hanyar shigar iska, P0507 silo ya wuce ƙima. P0172 akasin haka ce, mai ya yi yawa. P0299 turbo bai kai matsin da aka nema ba, P0234 ya zarce. P0101 karatun MAF bai yi daidai da hankali ba, P0106 haka ga MAP. P0300 misin ne da ke yawo tsakanin silinda, P0301 zuwa P0304 kuma suna faɗin wace silinda ce. P0441 ta shafi bawul ɗin da ke janye tururin tankin mai.

In ka ga huɗu ko biyar a tare, kada ka ɗauka abubuwa biyar ne suka lalace rana ɗaya. P0171 da P0300 da P0507 da P0101 duk tiyo guda zai iya haifar da su: iska ta shigo ba ƙirge, mai ya kasa, wuta ta riƙa tsallake, silo ya hau, ƙwaƙwalwa ta fara zargin MAF. Misin na silinda ɗaya tak da ba ya motsawa kuwa, ka fara da kwayil da fulogi: ka musanya kwayil ɗin da na maƙwabciyarta, in lambar ta bi shi ka kama ɓarawo. In ta tsaya a inda take, ka tuna da gaskit ɗin manifol da robar nozul na wannan silindar.

Mataki na uku: bar lissafin mai ya yi magana

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. A cikin bayanan da sikana ke nunawa ka nemo STFT da LTFT. Na farko gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai ne nan take, yana hawa yana sauka kowane daƙiƙa. Na biyu gyaran da ta haddace ne bayan dogon lokaci. Dukansu a kashi cikin ɗari suke. Lamba mai alamar tarawa na nufin tana ƙara mai saboda ta ga iska ta yi yawa, mai alamar ɗebewa na nufin tana rage mai. Ka riƙa haɗa su biyun ka karanta jimla. Tsakanin 5 sama da 5 ƙasa lafiya lau. In jimla ta haura 10 akwai magana. Motoci da yawa ba sa kunna fitila sai an doshi 20 zuwa 25, shi ya sa mota kan daɗe tana yoyo dashbod na nan shiru.

Ka bar inji ya ɗumama sosai, domin da sanyi ƙwaƙwalwa ba ta fara sauraron sensar oksijin ba tukuna. Ka ja birkin hannu, giya a firi, a kashe na'urar sanyaya ɗaki da fitilu. Ka rubuta jimla a silo. Sannan ka taka totur ka riƙe a juyi 2500 na kamar rabin minti, ka sake rubutawa.

A ce a silo ka ga +18, a 2500 ta sauko +4. Wannan yoyon zuƙo ne, kusan ba tantama. Dalili kuwa a fili yake: a silo totur a rufe yake, iskar da inji ke sha kaɗan ce, zuƙo kuma yana kan ganiyarsa, don haka ɗan abin da huji ke shigarwa babban kaso ne. Da ka buɗe totur iska ta yawaita, abin da hujin ke kawowa ya ɓace a ciki. In kuwa a silo +3 ce, a 2500 ta koma +12, a kan hanya ta ƙara hawa, to ka bar tiyo ka koma kan MAF mai datti, ko matatar mai da ta toshe, ko famfon mai da ya gaji. In ta yi sama a ko'ina daidai wa daida, ka duba bututun da ke tsakanin MAF da turbo, da matsin mai.

Gwaji na uku a kan hanya ake yinsa, wani na tuƙi kai kana kallon allo, ba kai kaɗai ba. In lissafin yana kusa da sifiri a silo amma yana gangarawa -10 ko fiye da zarar turbo ya fara ɗauka, iskar da aka ƙirga ce ke zubewa a yanki na biyu. Ka lura da abu ɗaya: in aka take totur har ƙasa, ƙwaƙwalwa tana daina gyaran nan ta zuba mai yadda aka tsara mata, sai STFT ya tsaya a sifiri. Don haka a matsakaicin taku za ka kalla, inda turbo ya fara hurawa amma ba a kure ba.

Ga masu Volkswagen da Audi na zamanin injin 1.8T, manhajar VCDS tana raba wannan lissafi gida biyu a rukuni na 032: na farko gyaran silo, na biyu gyaran tafiya. Na farko ya yi sama, yoyon zuƙo. Na biyu ya yi sama, galibi MAF.

Tunda kana nan, ka leƙa wasu lambobi biyu. MAF a silo, inji da ɗumi, takan nuna kusan giram ɗaya a daƙiƙa kan kowace lita ta girman inji, wato injin lita 2 zai yi wasa tsakanin 2 da 4. In ta yi ƙasa da haka sosai alhali inji na juyawa daidai, iska na shigowa ta wata ƙofar. MAP kuma, makulli a buɗe inji a kashe, ya kamata ta nuna matsin sararin da kake, wajen kPa 100 a ƙasa mai daidai da teku, ƙasa da haka a kan tudu. A silo takan sauko 30 zuwa 40. In kana da gejin zuƙo, ka jona shi a manifol: inji mai lafiya yana ba da inci 17 zuwa 22, allura a tsaye cak. Ana rage kusan inci ɗaya kan kowace mita 300 ta tsawon wuri daga teku.

Mataki na huɗu: ido, yatsa, kunne

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ƙarƙashin bonet ɗin mota mai turbo bango yana tsagewa da wuri saboda zafi. Robar da ta shekara 15 ko 20 kusa da turbo takan bushe ta yi ƙamas, ko kuma baƙin mai ya jiƙa ta ta yi laushi tuɓus.

Inji a kashe kuma a huce, ka bi kowane tiyo daga wannan baki zuwa wancan. Kallo kaɗai ba ya isa. Ka lanƙwasa shi, ka murza, ka leƙa ƙarƙashinsa da madubi. Tsaga tana son wuri uku: daidai bakin da tiyo ya hau kan ƙarfe, cikin gwiwa, da cikin ninkin babban bututun nan mai kama da maƙogwaro da ke zuwa bakin turbo. Tiyon da aka naɗe da zare ya fi kowa yaudara, rigarsa tana nan tsaf, robar ciki ta ruɓe. Ƙananan mahaɗai na filastik masu baki uku su ma suna karyewa daga gindi su zauna kamar ba abin da ya faru.

A yanki na biyu akwai alamar da ba ta ƙarya. Tsohon turbo yana barin ɗan baƙin mai cikin bututun intakula, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma duk inda iska ke tserewa tana fitowa da shi, ƙura ta manne. In ka ga mahaɗa ɗaya ta yi baƙi damtsam da maiƙo alhali 'yan uwanta a bushe suke, ka sa mata alama. Ka duba gefunan intakula ma, inda filastik ya haɗu da alminiyom, da fuskarta da duwatsu ke duka.

Yanzu ka tayar da inji. Ka sa bakin gutsuren tiyon nan a kunne, ka riƙa yawo da ɗaya bakin a gefen manifol, gindin nozul, da bayan totur. In ka iso kan huji za ka ji "sssss" ta tsaga kunnenka. Hattara da fanbel da fankar lagireto, wadda kan tashi da kanta ba sallama. Akwai masu fesa abin wanke kafireto ko fetur su saurari canjin murya. Yana aiki, amma a injin da turbo da salansarsa ke iya yin ja don zafi, ni ba na yi. Ka fesa ruwa zalla kana kallon STFT: in ruwan ya toshe hujin na ɗan lokaci, STFT zai sauko nan take.

Mataki na biyar: toshe rassa ɗaya bayan ɗaya

Wani yoyon ba a jikin tiyo yake ba, a cikin abin da tiyon ya je ne. Dabarar ita ce ka matse kowane reshe da filaya, ka naɗa mata tsumma kada ta yanka, kana kallon STFT. Reshen da ka matse STFT ya sauko, can matsalar take. Bututun filastik mai tauri ba a matse shi, cirewa ake yi a toshe bakin manifol da yatsa.

Ka fara da PCV, hanyar da ke janye tururi daga cikin inji, domin a tsofaffin motoci masu turbo ita ce ta fi yawan laifi. Inji na silo, ka gwada buɗe murfin zuba baƙin mai. Ɗan zuƙo kaɗan daidai ne. In murfin ya manne sai da ƙarfi, ko kana jin fito yana tsayawa da ka buɗe, robar cikin bawul ɗin ta yage. Masu tsofaffin Volvo suna da wani gwaji na akasin haka: a ɗaura safar hannu ta roba a bakin. In ta lotsa ciki lafiya, in ta kumbura ta miƙe yatsu, hanyar ta toshe, matsi na taruwa a inji, kuma shi ne ke turo baƙin mai ta sil. Ka duba sandar auna baƙin mai ma ta zauna daram.

Sai babban tiyon da ke zuwa tukunyar birki. In matse shi ya gyara lissafi, ko kana jin huci a wajen feda in ka taka, robar tukunyar ce. Wannan kuma ya shafi rai, ba a jinkirta shi. Sai bawul ɗin tururin tanki: ka cire soket ɗinsa, ka cire tiyon da ya fito daga tanki, ka ɗora yatsa a bakin bawul. Ba wuta a jikinsa, ya kamata a rufe yake ruf. In yana tsotsar yatsanka, ya maƙale a buɗe. Motar da ke wahalar tashi daidai bayan an sha mai sau da yawa wannan ne ciwonta.

Akwai kuma ƙananan bawul masu barin iska ta bi hanya ɗaya, waɗanda ke hana matsin turbo komawa cikin birki da tanki da PCV. Ka cire, ka goge, ka hura ta kowane gefe. Gefe ɗaya kawai ya kamata ta wuce.

Mataki na shida: hayaƙi, sannan matsi

In duk wannan bai nuna ba, hayaƙi zai nuna. Inji a kashe, ka toshe bututun shigar iska bayan MAF, ka tura hayaƙi ta wani tiyon manifol. Injin hayaƙi da matsi kaɗan yake aiki, wajen psi 1, don haka ba ya ɓata komai. A wuri mara iska ake yi, da tocila a hannu, kuma a yi haƙuri minti biyu ko uku bututu su cika. Kada hayaƙin ya ratsa MAF, maiƙonsa yana ɓata ta.

Sai dai akwai hujin da psi 1 ba ya buɗe shi. Kilif da ya saki, ko tsagar da ke rufe bakinta sai an matsa, ba sa nunawa sai da matsi na gaske. Nan gwajin matsi ke shigowa, kuma in lambarka P0299 ce, shi ne gwajin da ya fi kowane amfani. Ana yin murfi daidai bakin bututun da ke shiga turbo, a huda shi a sa bawul ɗin taya, a ɗaure da kilif tamau. Ka cire tiyon PCV da ke haɗe da wannan bututu ka toshe gurbinsa, ka kuma buɗe murfin baƙin mai, don kada matsi ya shiga cikin inji ya ture sil. Ka saita rigileta a psi 5 ka fara. In ba ka ji komai ba ka ƙara a hankali zuwa 10, kada ka wuce abin da motar ke yi daga kamfani. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, in gejinka da bar yake. Kada ka sa fuskarka a saitin murfin, in ya kuɓuce fita yake yi kamar harsashi.

Matsin zai riƙa sauka sannu a hankali ko da komai lafiya, domin wata iskar na bi ta bawul ɗin silinda da ke buɗe. Abin da kake nema shi ne huci mai ƙarfi da saukar gaggawa. Ka fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Ƙaramin huji yana tara kumfa ƙanana kamar ƙwan kwaɗo, babba kuwa yana hure ruwan gaba ɗaya, sai dai ka ji shi a bayan hannu.

Bawul biyu na turbo

In bututu ba sa yoyo amma ƙarfi babu, saura abu biyu. Na farko bawul ɗin da ke mayar da iska bakin turbo in ka ɗaga ƙafa daga totur. In robarsa ta yage, matsi yana zagayawa ya koma baya, kuma tunda iskar ba ta fita waje ba, lissafin mai zai iya nuna lafiya lau. Ka jona famfon hannu a ɗan bakinsa na sama ka ja: in allura ta tsaya yana da kyau, in ta zube ya mutu. Wanda ya saya wa motarsa mai MAF irin bawul ɗin nan mai fesar da iska waje don jin "fsshh", shi ya sayi matsalarsa da kuɗinsa: iskar da aka ƙirga ce yake zubarwa, mota ta riƙa shaƙewa tana mutuwa in an rage gudu.

Na biyu ƙofar da ke karkatar da hayaƙin salansa daga turbo in matsi ya isa, wadda ake kira westget. A yawancin tsofaffin motocin fetur matsi ne ke tura sandarta, ta wani ɗan tiyo da ya ratsa bawul na lantarki, wanda a Volkswagen da Audi ake kira N75. In wannan tiyo ya tsage, ƙofar ba za ta buɗe ba, matsi ya zarce, P0234 ta faɗo, ƙwaƙwalwa ta yanke ƙarfi don ta ceci inji. In kuma sandar ta kwance ko ƙofar ta cinye ba ta rufuwa, P0299 ce. Inji a huce, ka kama sandar ka girgiza. Ya kamata ka ji ta a ɗame, ba ta kwaram-kwaram.

Abu ɗaya da ke kwaikwayon yoyon iska alhali ba shi ba ne: tsaga a salansa kafin sensar oksijin. Iska na shiga ta nan, sensa ta ɗauka yunwar mai ce, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙari. Alamarta ƙarar "tik-tik" da sanyi wadda ke raguwa in ƙarfe ya ɗumama, da baƙin toka a gefen tsagar. MAF kuwa in za ka wanke, da maganin da aka yi dominta kawai, ba a taɓa zaren ciki da komai, kuma a bari ta bushe sarai kafin a mayar.

Gyara, da tabbatar da cewa ya gyaru

In tiyo ɗaya ya mutu don tsufa, sa'o'insa ma suna kan hanya, gara ka canza ƙananan duka. Ɗaya bayan ɗaya ake yi: cire, auna, yanka, mayar, sannan na gaba. Wanda ya tuge su gaba ɗaya zai kwana yana tambayar wanne ke zuwa ina. Ka ɗauki hoto kafin ka fara, ka kuma duba ƙarƙashin bonet, motoci da yawa suna da taswirar tiyon manne a wurin. Tiyon silikon yana jure zafi, amma ba a sa shi a hanyar PCV ko tururin fetur sai wanda aka yi wa rufin ciki don haka. Salatif ba gyara ba ne a wurin da ke ganin matsi. A manyan bututu ka goge maiƙo tas kafin ka ɗaure, kilif kuma ya zauna bayan ƙullutun bakin bututu, ba a kansa ba.

Kana gamawa, kafin ka goge komai, ka tayar da inji ka kalli STFT. In ka kama ainihin hujin, za ka ga ya faɗa ƙasa da sifiri sosai, domin LTFT na nan riƙe da tsohon ƙarin da ta haddace, shi kuma yana ƙoƙarin janyewa. Wannan ita ce shaidarka. In bai motsa ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba, akwai wani hujin. Sai yanzu za ka goge lambobin. Ka tuƙa motar kwana biyu ko uku, cikin gari da babbar hanya, daga sanyi zuwa ɗumi, domin lambobi da yawa sai ƙwaƙwalwa ta ga matsala a tafiya biyu a jere take kunna fitila. Sannan ka sake jonawa ka duba abu uku: babu lamba mai jiran tabbaci, gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta sun nuna sun kammala, kuma LTFT ta zauna ƙasa da 5 a silo da kuma a juyi 2500. In ka sa sababbin manyan bututu, ka sake bin kilif ɗinsu da sukudireba bayan mako guda, roba takan zauna in ta sha zafi.